Shiloh, Old Yeller ko Winn-Dixie: wanne za a fara saya wa yaro?

Watan da ya wuce Yayata ta kira ni da daddare, ta ce an ba yaronta jerin littattafan karatun hutu a makaranta, kuma abin da ya ɗaure mata kai kusan rabinsu duk labarin yaro da kare ne. Ta ce "ni dai kuɗin littafi ɗaya gare ni yanzu, in ya yi yawa biyu, kai da ka karance su ka faɗa min wanne zan saya, kuma tsakani da Allah ka faɗa min, kar ka sa in kawo abin da zai hana min yaro barci." Yaron shekararsa 11, ƙanwarsa 9, kuma na san halinta, duk abin da aka saya wa yayanta sai ta bi ta karance shi ita ma. A waya amsa ɗaya na ba ta, na ce Yaya ki fara da Shiloh. Amma dalilan suna da tsawo, kuma ba kowane gida ne wannan amsar za ta yi wa daidai ba, shi ya sa na zauna na baje su a nan. Tun yanzu in faɗa, zan bayyana yadda kowane labari ya ƙare, don iyaye nake wa magana, kuma uwa ko uba ya kamata su san abin da ke shafin ƙarshe kafin su miƙa wa yaro.

Da farko wannan tambarin da ake mannawa a bangon littattafan, wanda yake sa malamai su saka su a jeri. Lambar yabo ce da ake kira Newbery, ƙungiyar laburarorin Amurka ke bayar da ita tun 1922, an sa mata sunan John Newbery, wani mai buga littattafai da sayar da su a Ingila a ƙarni na 18. Kowace shekara littafi ɗaya tak ke cin babbar, shi ake manna wa tambarin zinare, sai wasu 'yan kaɗan da suka biyo baya a ba su ta girmamawa mai tambarin azurfa. Marubutan Amurka ko mazauna can kawai ake ba, shi ya sa duk labaran nan a ƙauyukan Amurka suke faruwa. Shiloh zinare ya ci a 1992, Old Yeller azurfa a 1957, Because of Winn-Dixie azurfa a 2001. To amma kar launin tambari ya zaɓa miki, alƙalan gasar kyan rubutu suka duba, ba su san ɗanki ba, ba su san ko Turancinsa ya kai ba, ko kwanan nan aka yi rashi a gidanku.

Bari in fara da mafi tsufa a cikinsu. Old Yeller na Fred Gipson ya fito a 1956, labarin kuma a Texas yake, ƙarshen shekarun 1860, bayan yaƙin basasar Amurka. Travis yaro ne ɗan shekara 14, babansa ya bi ayarin masu kora shanu zuwa kasuwa a Kansas, tafiyar watanni, ya bar masa gida da gona da uwa da ƙaramin ƙani mai rigima, Arliss. Duk wanda ya tashi a gidan da uba ke tafiya ci-rani ya bar babban ɗa da ragamar gida zai gane wannan yaron nan take. Sai ga wani ƙaton kare ruwan ɗorawa ya shigo gidan ya sace musu nama, Travis ya tsane shi kamar me, har sai ranar da Arliss ya je ya cafko ɗan beyar, uwar ta taso masa gadan-gadan, karen ya tare ta. Daga nan kare ya zama hannun damansa, su kori dabbobin da ke ɓarnar masara da daddare tare, su bi aladun gidan da ke kiwo a daji don yi musu shaida a kunne tare, a nan ne ma aladun suka yayyage wa Travis ƙafa, suka farke cikin karen da ya tsaya kare shi, uwar ta zo ta ɗinke shi da gashin wutsiyar alfadari.

Aiki ne da hatsari daga farko har ƙarshe, babu shafin da zai gunduri yaro mai son motsi. Sai dai ƙarshen. Ciwon haukan kare ya ɓarke a yankin, ya kama musu saniya, sannan wani mahaukacin kerkeci ya afka wa uwar da wata yarinyar maƙwabta, karen ya shiga tsakani ya cece su amma ya sha cizo. A littafin ba a jira an ga alama ba, a daren Travis ya kira karensa, karen ya zo, ya ɗora masa bakin bindiga. Fim ɗin Disney na 1957 ne ya sassauta, aka kulle karen tukuna har ciwon ya bayyana, to in yaro ya riga ya ga fim ɗin ki sani littafin ya fi shi zafi. Mu muna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, amma a nan yaron da ya yi sabon shi ne aka ba wa wuƙar, kuma marubucin bai ɓoye ba, tun shafin farko Travis ya faɗa cewa shi ya kashe karen da hannunsa.

Akwai amfani ɗaya da Old Yeller ya fi sauran a wajenmu, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Cizon mahaukacin kare har yau yana kashe mutane a garuruwanmu, kuma yara ne suka fi shiga hatsarin don su ke wasa da karnukan unguwa, sannan su ɓoye cizo saboda tsoron duka. A zamanin labarin babu allura, sai a 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar a Faransa ya rayu. Yanzu akwai ta, kuma abin yi sananne ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, don in alamun ciwon suka riga suka fito kusan ba a tashi. Yaron da ya yi kukan mutuwar karen Travis ba sai an maimaita masa wannan sau biyu ba.

Yanzu Shiloh, wanda a kansa na fi son in daɗe. Phyllis Reynolds Naylor ta fitar da shi a 1991, kuma asalinsa wata karya ce ramammiya mai tsoron mutane da ta gani da idonta a wani ƙauye mai suna Shiloh a jihar West Virginia. A littafin Marty ɗan shekara 11 ne, sa'an ɗan Yayata, babansa mai raba wasiƙun gidan waya ne, gida ne na rufin asiri, ana ci ana sha amma babu rarar da za a ciyar da dabba. Wata ranar Lahadi yana yawo sai wani ƙaramin karen farauta mai dogayen kunnuwa ya biyo shi, in ka miƙa hannu sai ya maƙale a ƙasa, alamar ya saba shan duka. Karen na maƙwabcinsu ne Judd Travers, mutumin da ke shurin karnukansa yana barinsu da yunwa wai don su fi farauta. Baban Marty ya ce kayan mutane ne, dole a mayar, aka mayar, a gaban idon yaron mutumin ya sa ƙafa ya shuri karen.

Da karen, wanda Marty ya sa wa suna Shiloh, ya sake gudowa sai yaron ya yi masa ɗan keji a kan tudu bayan gida ya ɓoye shi, kuma daga nan littafin ya zama wani abu daban da sauran. Don ya ciyar da kare sai ya rage abincinsa ya ce ya ƙoshi, ƙarya ta ɗaya. Don ƙanwarsa kar ta hau tudun sai ya ce ya ga maciji, ta biyu. Abokinsa na son zuwa gidan, sai ya ƙirƙiro wani uzuri. Ya je kanti yana neman abincin da ya kusa lalacewa da araha, sai gari ya ɗauka yunwa ake a gidansu, har mutane suka fara ajiye wa babansa abinci a akwatin wasiƙa, bawan Allah bai san dalili ba. Judd ya tare shi ya tambaye shi ko ya ga karensa, ya kalli idonsa ya ce a'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yaron ma ya sani, har addu'a ya yi yana tambayar Ubangiji wanne ake so ya yi, ya faɗi gaskiya a mayar da halittar Allah wajen mai shurinta, ko ya ci gaba da ɓoyewa ta ƙoshi ta yi ƙiba. Gaba kura baya sayaki. Kuma marubuciyar ba ta ba shi mafita mai sauƙi ba, don kejin da ya yi don ceton karen shi ya zama tarko ranar da wani ƙaton karen maƙwabta ya tsallako cikin dare ya yayyaga shi ba hanyar gudu.

Asiri ya tonu, uban ya kwashi karen zuwa wajen likitan ƙauyen, wanda likitan mutane ne ma, Judd ya ji labari ya ce a dawo masa da kayansa ranar Lahadi. To a nan ne wurin da nake so iyaye su buɗe ido. Marty ya tafi da sassafe ya roƙi mutumin, sai ya tarar da shi ya harbe barewa a lokacin da doka ta hana farautarta, laifin da ake cin tara mai nauyi a kansa. Sai yaron ya yi ciniki da abin da ya gani, zai yi shiru, kuma zai yi wa Judd aikin awa 20 a kan dala 2 kowace awa, dala 40 kenan kuɗin kare. Har taya shi ɓoye jinin barewar ya yi. Ya ceci kare amma ya rufe laifin da zai iya sa a sake kashe wata barewar, kuma shi da kansa abin ya dame shi. Sannan ana tsakiyar aikin Judd ya yi masa dariya ya ce takardar da suka rubuta banza ce tunda babu shaida, amma yaron ya ci gaba da zuwa kullum yana faskare yana noma, yana cika nasa alkawarin ko da ɗayan ya ce ba zai cika ba. A cikin kwanakin nan ne ya ji daga bakin mutumin cewa shi ma da dukan uba ya tashi. Ranar ƙarshe Judd ya miƙa masa tsohon abin wuyan kare ya ce ya zama nasa.

Dalilina na fifita shi kenan. A Old Yeller abin da ya sami Travis daga waje ya zo, ƙaddara ce, kuma abin da ya kamata ya yi a bayyane yake duk da ɗacinsa, ba abin da yaro mai karatu zai yi sai kuka. A Shiloh kuwa kowane mataki yaron ne ya zaɓa, kuma tambayoyin irin waɗanda ɗan shekara 11 ke fama da su ne a zahiri, shin ɓoye magana ƙarya ce, shin in abu naka ne kana da ikon wulaƙanta shi, shin babba in ya yi ba daidai ba yaro zai iya cewa a'a, kuma in wanda ka yi alkawari da shi ya saɓa kai ma ka saki naka? Babu babin da za ku gama ba ku sami abin gardama ba. Uban Marty ma ba mugu ba ne, gaskiya gare shi da ya ce ba a riƙe kayan mutane, kuma yana tunanin zaman maƙwabtaka a ƙauyen da kowa ya san kowa, abin da kowane magidanci a nan zai fahimta. Ga shi kuma kare bai mutu ba.

Because of Winn-Dixie na Kate DiCamillo ya fito a 2000, shi ne mafi taushi. Yarinya ce a nan, Opal, 'yar shekara 10, sun koma wani ƙaramin gari a Florida ita da babanta wanda fasto ne. An aike ta kanti sayen shinkafa da tumatir da taliya, ta tarar da wani ƙazamin kare ya shiga yana ta watsar da kaya, manaja na ihu a kira masu kama karnuka, sai ta ce nata ne, da aka tambayi sunansa ta faɗi sunan kantin, Winn-Dixie. Karen ba ya ceton kowa daga dabbar daji, aikinsa kawai jan yarinyar zuwa wajen mutane, tsohuwar mai kula da laburare, da wata tsohuwa mai raunin gani da yaran unguwa ke kira mayya, da wani mai kiɗan jita da ya taɓa zaman gidan yari. Ainihin ciwon labarin uwa ce, ta tafi ta bar su tun Opal na shekara 3, tana shan giya, kuma uban ba ya son zancen. Yarinyar ta roƙe shi ya faɗa mata abu goma game da mamanta, ɗaya a kan kowace shekara ta rayuwarta, ta rubuta ta haddace don kar ta manta. Wallahi wannan wurin ya fi harbin bindigar Old Yeller taɓa ni.

Shi ya sa nake cewa a yi hattara da kiransa "mai sauƙi". In a gidan akwai yaron da aure ya mutu uwarsa ta tafi ta bar shi a hannun kishiya ko kaka, ko wanda ya rasa ta gaba ɗaya, wannan littafin zai iya zama magani kuma zai iya fama ciwo, ya danganta da ko akwai babba a kusa da zai zauna da shi. A ƙarshe karen mai tsoron tsawa ya ɓace cikin ruwan sama, uba da 'ya suka fita nema, a cikin ruwan ne uban ya fashe da kuka ya faɗa mata gaskiya cewa mamanta ba za ta dawo ba. Karen kuwa ashe yana ƙarƙashin gado bai je ko'ina ba. Irin wannan yaron kar a ba shi littafin ya shige ɗaki shi kaɗai.

Sai maganar Turanci, wadda a wajenmu ita ce ke yanke hukunci sau da yawa, don littafin da yaro ke tsayawa duba ƙamus sau biyar a shafi ɗaya ajiye shi zai yi. A nan Winn-Dixie ya yi musu fintinkau, babi 26 ne gajeru gajeru, wani shafi uku ko huɗu, jimlolin a miƙe, 'yar aji huɗu ko biyar a firamare mai ƙoƙari za ta iya da kanta. Shiloh babi 15 ne, kalmominsa ba su da wuya, amma da bakin yaron ƙauye aka rubuta shi, yana faɗin ain't, yana yanke kalmomi, yana karya nahawun da ake koya musu a aji. Wannan da gangan ne kuma shi ya sa muryar take da rai, sai dai a gaya wa yaro tun farko cewa karin harshen mutanen wurin ne, kamar yadda Basakkwace da Bakano kowa ke da nasa, kar ya kwashe ya zuba a takardar jarrabawa. Old Yeller shi ya fi nauyi, cike yake da sunayen itatuwa da dabbobi da kayan aikin makiyayan Texas na wancan zamanin, har babba sai ya riƙa tsallake wasu. Kuma yadda yake ambaton 'yan asalin ƙasar, jajayen Indiyawa, a matsayin maharan da ake tsoro kawai, kallon mutanen 1950 ne, yana buƙatar a yi wa yaro bayani cewa ƙasarsu ce aka zo aka zauna.

Yayata ta yi min tambayar da na san da yawa za su yi, ta ce "to kare fa, kar yaro ya gama ya ce sai an kawo masa kare ɗaki." Gaskiya ne matsayin kare a littattafan nan ba irin namu ba ne, amma ukun ba ɗaya suke ba. Karen Travis ma'aikaci ne, gadi da kiwo da tsaron gona, irin wanda hadisi ya yi izini da shi, irin na mafarautanmu da makiyaya. Shiloh karen farauta ne da ya koma na gida, har cikin ɗaki aka yi jinyarsa a kwali. Winn-Dixie kuwa a gado ɗaya yake kwana da yarinyar, har coci yake bin su. In wannan ne babban abin da ke damun ki, to kin ga jerin da kanki. Ni dai ban ga abin tsoro ba, dama ce ta zama da yaro a faɗa masa namu, cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne amma in ya yi lallagi a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai, cewa ba a ajiye shi haka kawai sai don farauta ko kiwo ko gona, kuma cewa a Bukhari akwai mutumin da Allah ya gafarta wa don ya cika takalminsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi, ga karen Ashabul Kahfi da ke kwance a bakin kogo a cikin Alƙur'ani. Yaran unguwa da ke jifan ɗan kwikwiyo don nishaɗi sun fi buƙatar jin wannan hadisin fiye da komai, kuma Shiloh yana buɗe ƙofar zancen da kansa. Haka batun addini, iyalan labaran duk Kiristoci ne, a Winn-Dixie abin ya fi fitowa tunda gidan fasto ne, ga Bahaushe Kirista wannan gida ne, ga Musulmi kuma sanin yadda wasu ke rayuwa ne, babu wa'azin jan ra'ayi a ciki.

Akwai biyu da suke yawan fitowa a irin wannan jerin da na ce mata ta dakata da su. Sounder na William H. Armstrong, 1969, shi ma zinare ya ci a 1970, kuma a ganina ya fi duka zurfi, amma ba na ɗan shekara 11 shi kaɗai ba ne. Iyalin baƙaƙen fata ne a kudancin Amurka masu noma gonar wani a raba amfani, yunwa ta sa uban ya ɗauko naman alade, aka zo aka tafi da shi a ɗaure, karen ya bi keken dokin aka harbe shi, ya dawo bayan makonni da ido ɗaya da ƙafa uku, ya daina haushi. Yaron ya shafe shekaru yana bin sansanonin fursunoni neman babansa, a hanya ya tsinci littafi a shara ya haɗu da tsohon malamin da ya koya masa karatu. Uban ya dawo rabin jikinsa a shanye saboda fashewar nakiya a wurin fasa dutse, bai daɗe ba ya rasu, karen ya bi shi. Ba wanda ke da suna a littafin sai karen, kuma wasu masu sharhi baƙaƙen fata sun soki hakan, ganin marubucin farar fata ne. Wannan na ɗan sakandare ne, 13 zuwa sama, tare da wanda zai ba shi tarihin bauta da wariyar launin fata. Ɗayan kuma Where the Red Fern Grows na Wilson Rawls, 1961, bai ci Newbery ba duk da shahararsa. Farkonsa yana da daɗi ƙwarai, yaro ya yi shekara biyu yana tara kuɗi a gwangwani har dala 50 don sayen 'yan kwikwiyo biyu, amma ya fi sauran tsawo, farauta ce babi bayan babi, akwai wurin da wani yaro ya faɗa kan gatari ya mutu, kuma karnukan biyu duk sun mutu a ƙarshe.

To ga yadda na yanke mata. In littafi ɗaya ne kuma yaron yana tsakanin 10 da 12, Shiloh. In yaron bai kai 10 ba, ko Turancin bai zauna ba, ko wannan ne littafin farko mai babi-babi da zai karanta, Winn-Dixie, don gama littafi guda da kansa shi zai sa ya nemi na biyu. In kuɗin ya kai biyu a haɗa waɗannan, yaya da ƙanwa su yi musaya. Old Yeller a bari sai 12 ko 13, kuma ya fi dacewa da yaron da ya san dabba, wanda ya yi kiwon rago ya ga an yanka shi da Sallah, ko ya taɓa zama a ƙauye, shi ba zai ga abin a matsayin mugunta ba. Yaro mai saurin firgita da mafarki kuwa kar a yi masa gaggawa. Wani abin lura wajen saye, musamman wajen masu tsofaffin littattafai, a buɗe a duba ko cikakke ne, don akwai waɗanda aka taƙaita aka sauƙaƙa wa 'yan koyo, kuma Shiloh yana da ci gaba har guda uku masu kama da juna a suna, na farkon shi ne mai kalma ɗaya tak a bango.

Yadda za a karanta shi ma na faɗa mata, babi ɗaya bayan sallar isha, wani daren ita ta karanta da ƙarfi wani daren shi, in an gama a rufe littafin ya ba ƙanwarsa labarin da Hausa kamar tatsuniya, a nan za ki gane ko ya fahimta ko kalmomi kawai yake bi. Babi 15, sati biyu da kwana ɗaya an gama. Kuma na roƙe ta abu ɗaya, in sun zo wurin ƙaryar farko kar ta yi saurin cewa "ka ga ƙarya ba kyau", ta tambaye shi shi da me zai yi, ta yi shiru ta saurara.

Shiloh ɗin ta samo. Shekaranjiya da magariba wayata ta yi ƙara, na ɗauka sai na ji muryar yaron, ko gaisuwar kirki bai gama ba ya ce "Kawu, mun zo inda ya ga an harbe barewar, Umma ta ce bai kyauta ba da ya yi shiru, ni kuma na ce in ya kai ƙara ai karen za a mayar wa mutumin, wai kai me ka gani?" Na ce ya bari ranar Juma'a zan zo gidan, kar su karanta babin ƙarshe sai na iso.